Ranar da Fuskar Kawu Ta Fito

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida ƙasusuwanka, don na san su ke shan wahalar sana'ar nan. Mu nan lafiya. Umma ta yi fama da haƙori, an cire, ta huta mun huta. Inna ƙalau take in ban da gwiwa. Bakinta kuwa, ka san shi, bai taɓa ciwo ba.

Na gan ka. A fim ɗin barkwancin nan na mai fenti, wurin da akuya ta ture tsani. Rigar ekta ce a jikinka, sumar ma irin tasa suka ɗora maka, amma kai ne ka ɓarko ta rumfa ka faɗa cikin baron kankana. In ka ce ba kai ba ne zan kai ka ƙara. Babu mai buɗe yatsun hannun hagu kafin ya taɓa ƙasa, kamar mai ɗaga wa wani hannu, sai kai. Haka kake yi tun kana dirowa daga katangar gidanmu ina yaro ina tafa maka.

Ina riƙe da makirfo a lokacin, don ba ka sani ba, na tashi daga tsaron ƙofa. Yanzu ni ne mai bayani a gidan kallo. Ina tsayawa gefen allo ina gaya wa mutane abin da ake faɗa. Babu malamin da ya zaunar da ni ya koya mini harshen nan. Rubutun da ke gudu a ƙasan hoto ne, da wani ƙamus mai yagaggen bango da na tsinta wurin mai sayar da littattafai a bakin titi. Inda ban gane ba na cike da nawa, kuma wallahi sau da yawa nawa ya fi nasu daɗi. To ina ganinka na manta da aiki, na ce da jama'a wancan kawuna ne. Sai Mai Faci, wannan da ke zama layin gaba yana cika mu da warin roba, ya tambaya ko kawun nawa ƙeya ce kawai ba shi da fuska. Na ce masa ƙeyar ta zaga duniya, shi fuskarsa ko ƙarshen layinmu ba a san ta ba. Aka yi masa dariya har ya rasa inda zai sa hularsa.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Da fim ya ƙare na hana Maigida, mai gidan kallon, kashe janareta, na tsaya na karanta sunayen nan da ke hawa sama ɗaya bayan ɗaya. Sun rubuta direba. Sun rubuta mai dafa musu abinci. Sun rubuta mai akuyar, Kawu. Kai da ka ɓarke rumfa da bayanka babu kai. Shi kuma ektan, wanda na tabbata ko daga kan tabarma ba zai iya faɗowa da kyau ba, shi ya miƙe yana kakkaɓe kankana yana karɓar tafi. Wane irin rashin kunya ne wannan? Ka ba ni adireshinsu in rubuta musu, ina da kalmomin.

Abin da zai ba ka dariya shi ne Inna. Duk lokacin da sabon faifai ya zo na gano ka a ciki, da safe nake ɗauko ta, kafin a buɗe wa mutane. In share mata benci, in kai ta daidai wurin. Tana rufe ido da gefen mayafi tana salati, in an wuce ta ce in mayar. Ta ce ita ba ta yarda da wasiƙa ba, hannu ne ke rubutawa kuma hannu ba ya jin kunyar ƙarya, amma mara lafiya ba ya tsalle daga saman bene. Don haka faɗuwarka ita ce gaisuwarka a wurinta. In ta gani sai ta koma gida ta ci abinci da kyau, ta yi ta zagina irin na kaka da jika, tana cewa miji ragon banza ta samu, wanda aikinsa surutu.

Ka rubuto. Ka gaya mini yadda aka yi kankanar nan ba ta karya maka haƙarƙari ba.

Naka,
Barkono

*

Barkono ɗana,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin haƙorin Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ka duƙa ka gaida mini Inna, ka ce ta riƙa ɗumama gwiwar. Ni ma da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

Ashe bakin nan naka ya zama sana'a. Da kana ƙarami Yaya tana kuka da shi, ni na ce a bar ka. Ka ga ban yi kuskure ba. Amma ka rage wa Mai Faci, tambayarsa ba ta banza ba ce.

Kankana kuwa, an riga an yanka ta an mayar, ƙarƙashinta katifa ce. Abin da ba a iya yi maka dabara a kansa shi ne rumfar. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba duk da ƙamus ɗinka: faɗuwar barkwanci ta fi ta fim ɗin faɗa wuya. A na faɗa akwai wuta da ƙara da hayaƙi, ko ka faɗo kamar buhu za su rufa maka asiri. A barkwanci dole ka faɗo a hankali, mutane su ga kowace gaɓa, kuma kada su ji ciwon. Da zarar sun ji ciwo a jikinsu dariya ta mutu, darakta ya ce a sake. Mun sake wannan tsanin har akuyar ta gaji ta kwanta.

Zancen suna, ka bar shi. Kada ka rubuta wa kowa komai. Na san kalmomin da kake da su.

Akwai abu ɗaya. An ɗauke ni a wani fim kwanan baya. Wannan karon fuskata ce da muryata, har sunana sun rubuta a ƙasan hoton. Zai iso ku nan da wasu watanni, tunda komai yana iso ku a makare. Ka riƙe bakinka a kai, musamman wurin Inna, sai na rubuto maka yadda za a yi. Ban gama shawara ba tukuna.

Kawunka

*

Kawu,

Gaisuwa da yawa, kowa lafiya, Inna ta ce ta ɗumama gwiwar ba ta ji komai ba. Na gama da gaisuwa.

Ka ba ni labari irin wannan sannan ka ce in riƙe? Na riƙe, Allah shaida, daga azahar har la'asar. Na gane abin da kake nufi, so kake ka ba tsohuwa mamaki. To ni na duba na ga shekarunta, mamaki ba ya yi wa irinsu kyau, gara a ba su a hankali. Na gaya mata. Ta ajiye tsintsiya ta zauna a kan turmi, sannan ta tambaya ko za a ga haƙorinka na gaba da ya guntule. Na ce yanzu kai babba ne, sun gyara. Ta ce in sun gyara ba za ta yafe musu ba, da shi take gane dariyarka.

Daga Inna ya je wurin Umma, daga Umma ka san sauran. Maigida ya ce ranar da faifan ya zo shi zai fara nunawa, ya riga ya sa an goge allon tallan ƙofa. Mai Faci ya ce sai ya gani. Na ce ya zo da tabarau biyu.

Yanzu gaya mini, ekta suka ba ka ko bos, mugun fim? In ka tambaye ni, bos. Ekta kowa na iyawa, a wanke fuska a tsaya a gefen da haske yake. Bos ne ke ɗauke da fim. Kana da kallon nan da kake yi wa mutum in ya yi ƙarya, kallon da ke sa ni in fara tona kaina tun ba a tambaye ni ba. Ka yi musu shi.

Makon jiya mun nuna na jirgin ƙasa. Kawu, ban san yadda zan gaya maka ba. Wurin da kuke kokawa a saman tarago, gada na tahowa, ka kwanta ta wuce ta kanka, sannan ka mirgino gefe ka rataye da hannu ɗaya, daji na gudu a ƙarƙashinka. Ni mai surutun nan, sai na sauke makirfo. Ɗaki ya cika maƙil amma kana jin kukan fanka. Da ka saki ka faɗa ruwa sai wani dattijo mai gyaran agogo ya miƙe tsaye yana share ido. Bayan an tashi ya riƙe hannuna ya ce shi ma aikin hannu yake yi, ya san mutumin da ya iya abinsa in ya gan shi. Na karanta littattafai masu yawa da ake yabon jarumai a ciki, ban ga wanda aka rubuta ya kai wannan mirginawar ba.

Inna ta kalla da safe. Ta ce ka ƙara jiki.

Naka,
Barkono

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ko kana so ka sani ko ba ka so, ban sani ba.

Damina ta shigo ta fita ban ga takardarka ba. Na rubuta biyu bayan waccan, ko sun same ka ko ka jera su ƙarƙashin ƙafar tebur, oho. Na san yadda abin yake, na gani a fina-finai da yawa: mutum ya samu, sai ya fara jin warin 'yan uwansa. Ban zaci da kai za a yi ba. In haushin na faɗa wa Inna kake ji, ka zage ni a rubuce, na iya karatu.

Sabon fim ɗin ektan nan naka ya zo, na masu fashin banki. Wani ne ke faɗo masa. Wani ƙato, yana faɗuwa kamar an jefo katifa daga bene, yana kare fuska tun kafin ya bar taga. Ban so Inna ta gani ba, amma ta ji talla ta zo da kanta tana jan ƙafa. Na kunna mata. Ko rufe ido ba ta yi ba. Ta ce wannan ba ɗanta ba ne, wannan tsoron ƙasa yake ji. Na ce ai yanzu ka wuce faɗuwa, kai ake faɗo wa. Ta dube ni ta ce to, ta tashi ta tafi. Rabon da ta zage ni tun ranar, kuma abincinta rabi take ci.

Layi biyu ya ishe ni. Ka ce kana raye.

Barkono

*

Kawu,

Sallama. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na gani.

Faifan ya zo jiya da safe. Na kulle ƙofa na kunna ni kaɗai, don in shirya bayani. Ina jiran kiɗa da fashewar mota, sai na ga titi da mutane riƙe da kwalaye, 'yan sanda a gefe. Ashe irin fim ɗin nan ne da ba wasa ba, wanda ake bin mutane da kyamara ana ɗaukar abin da ya faru. Na daɗe ina roƙon Maigida mu riƙa nuna irinsu yana cewa babu duka a ciki. Ga shi na samu.

Ma'aikatan fim ne suka ajiye aiki, masu haske da masu ɗaukar kaya da ku masu faɗuwa, suna neman a yi dokar da za ta tilasta a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Na ga sun je majalisa. Na ga wani babba da aka yi wa tambaya ya ɗauki kofin ruwa, mai kyamarar kuma, Allah ya yi masa albarka, ya ƙi ɗauke kyamara daga kansa har ya shanye ya rasa abin yi da kofin. Sai aka buɗe wata ƙofa aka turo keke. Kai ne a ciki. Ƙafar dama a miƙe cikin ƙarafa, ka rame har wuyan riga ya yi maka yawa. Sunanka a ƙasa, daidai, babu kuskuren harafi ko ɗaya.

Na tsayar da faifan na fita na zagaya bayan ɗakin janareta. Abin da na yi a can ba na rubutawa ba ne.

A kwance nake yi, ka ce. Ni kuma jaki na ɗauka lalaci ne. Sai yanzu na zauna na yi tunanin abin da ya kamata in yi tun farko: fim yana iso mu bayan shekara. Ranar da Inna ke kallon jirgin ƙasa tana cewa ka ƙara jiki, kana gadon asibiti. Gaisuwar bara nake kai mata ina ce mata ta yau ce.

Ina jin haushinka kamar in fasa allon. Amma na koma na ƙarasa, kuma dole in faɗi wannan. Ban taɓa ganin mutum ya yi magana haka ba. Ba ka ɗaga murya ba. Ka gaya musu igiyar da aka ce a canza ba a canza ba saboda rana na faɗuwa ana sauri. Ka ce ba ka zo neman tausayi ba, ka san sana'ar da ka zaɓa. Sannan ka lissafo sunayen abokanka da suka karye kafin kai, kowanne da fim ɗinsa da inda ya faɗo, kana kallon mutanen nan a ido har shugabansu ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Ni da nake taƙama da baki, na ga ashe hayaniya nake yi.

Ga matsalar. Duk unguwa na jira. Inna ta sa an ɗinka mata sabon mayafi. Na ce wa Maigida faifan na da ƙarce, sai na nemo mai gogewa, wannan zai saya mana ɗan lokaci, ba mai yawa ba. Me zan yi? Ka ba direban da ya kawo maka wannan wasiƙar amsa a hannu, na roƙe shi ya jira.

Barkono

*

Ɗana,

Na karɓi duka wasiƙunka, har da ta zagin. Na cancanta. An sake yi mini aiki a ƙafar, na daɗe ban iya riƙe biro ba, da na iya kuma sai na rasa abin rubutawa. Yanzu da sauƙi. Ka gaida Yaya.

Ban ji haushin ka faɗa ba. Wanda ya ba ka sirri shi ya yi laifi.

Ga abin da nake roƙo. Babu mai jin harshen nan a ɗakinku sai kai. Kai ka ce mini inda ba ka gane ba kana cikewa da naka. To ka cike duka. Ka ce wasa ne. Ka ce an ba ni matsayin wani gurgu da ya je ya kunyata manya, ƙarafan na ado ne, ramar kwalliya ce. Inna za ta yarda, ta saba ganin na faɗo daga sama na rubuto mata lafiya. Shekarunta sun ja, ta binne 'ya'ya biyu. Ba na so ta ƙarasa kwanakinta tana tunanin ƙafata. In na fara takawa da sanda zan zo da kaina in ce mata a banɗaki na zame.

Na san ba ƙaramin abu nake nema ba. Ka yi mini.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki, wannan karon da sanin abin da nake faɗa. Umma na gaishe ka. Inna lafiya, ka fara riƙe wannan kafin ka karanta sauran.

Na karanta takardarka na ce ba zan yi ba. Shekaru kana ba wani jikinka yana sa fuskarsa, rana ɗaya da ka fito da taka fuskar da muryarka, ni zan sa bakina in rufe? Na yi ta zaginka a raina ina share ɗaki. Da na gama shara na ce zan yi, don kai ka roƙa.

Ranar Asabar da la'asar ɗaki ya cika har tagogi. Maigida ya kawo wa Inna kujera mai hannu daga gidansa ya ajiye a gaba. Umma na gefenta. Na ɗauki makirfo na ce musu wannan sabon salo ne, an yi shi kamar gaske amma duk shiri ne. Masu kwalaye na ce 'yan wasa ne. Mai shan ruwa na ce shi ne bos, na sa masa maganganu a baki, aka yi ta dariya. Abin na tafiya sumul, har na fara jin daɗin kaina.

Sai aka turo ka. Ɗaki ya ɗauki tafi da fito. Inna ta dafa hannun kujera ta matso. Na ce ga shi nan, gurgun ƙarya, ku dubi yadda ya iya. Ka tuna wurin da ka ce za ka miƙe ka yi musu magana a tsaye, ka kama bakin tebur, hannunka ya zame, ka koma cikin keken? Mutanen nan sun san ka da tsani da kankana. Ni na ce musu wasa ne. Suka fashe. Mai Faci na dukan benci yana cewa a mayar, wannan ta fi ta akuya. Ba laifinsu ba ne. Ni kuwa ina tsaye kusa da allo, ina ganin gumin da ke goshinka da yadda ka cije leɓe.

Na tsayar da faifan. Na ce su yi shiru. Ban faɗa da ladabi ba, akwai waɗanda zan bi gida in ba haƙuri. Na ce ƙarya na yi musu tun farko, babu ɗan wasa ko ɗaya a fim ɗin nan, ƙafar nan a karye take. Na mayar baya zuwa inda aka buɗe ƙofa, na fassara abin da ka faɗa kalma bayan kalma. Ban ƙara ba, ban rage ba, karo na farko tun da na fara aikin nan. Da na zo sunayen abokanka na faɗe su a hankali yadda ka faɗe su. Mai gyaran agogo ya cire hularsa. Mai Faci ya tashi ya koma can baya ya tsaya jikin bango, har aka gama bai ɗago ba.

Ban iya kallon Inna ba. Umma na kuka, Inna kuwa ba na jin motsinta. Da aka watse ta ce kowa ya fita har Umma, ni in tsaya. Na zaci mari ne, na ma matso da kuncina. Sai ta ce in mayar mata wurin maganar, in yi shiru, ba ta son fassara. Ta saurare ka har ƙarshe cikin harshen da ba ta ji ko kalma ɗaya. Ta ce rabonta da muryarka tun ranar da ka tafi.

Sannan ta ce, "Tun da na ga ƙaton nan na faɗo masa na san wani abu ya samu yarona. Na zaci ya mutu kuna ɓoye mini."

Watanni tana ɗauke da wannan ita kaɗai, Kawu, tana cin rabin abinci, tana jiran ranar da za mu ga dama mu gaya mata. Mayafin da ta ɗinka, ta ce ta ɗinka ne don kada mu gane ta gane.

Na karya maka alkawari, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Ka zage ni. Amma ta ba ni saƙo, ta tsaya a kaina sai da ta ga na rubuta. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ba ta tambayi doka ba. Ta ce a tambaye ka wa ke yi maka wanka, wa ke wanke maka kaya, kuma ɗakin naka a ƙasa yake ko a sama. Ta ce ka amsa dalla-dalla. Ta riga ta sa Umma ta sauko da akwati, kuma wai ni zan raka ta tunda ni ke jin harshen. Maigida ya ba ni hutu ba tare da na roƙa ba. Ya ce kuma zai sake nuna fim ɗin, mutane sun nema.

Naka,
Barkono

*

Barkono,

Sallama. Babu zagi. Ka zaunar da Inna ka karanta mata wannan.

Inna, ina gaishe ki, ina neman gafara. Maƙwabcina ne ke taimaka mini da wanka, wani mai gasa burodi, in ya dawo daga aiki. Ranar da bai samu zuwa ba ina gogewa da tsumma. Kaya ni nake wankewa a zaune, ba sa fita sosai. Likita ya ce zan taka, amma da sanda, kuma aikin nan na gama shi ke nan. Da dare ƙafar na ciwo. Ina cin abinci, ba kamar da ba.

Ɗakin a sama yake, hawa na uku, matakalar kuma a tsaye take. Na yi niyyar in ce kada ki zo saboda gwiwarki, sai na ga ba za ki ji ba, ni ma kuma ba na so ki ji. Ku taho. Akwai benci a kowane hawa, ki riƙa hutawa, kada Barkono ya hanzarta ki. Ba zan iya saukowa in tare ki ba. Zan bar ƙofar a buɗe, ina zaune daidai inda za ki gan ni in kin ƙaraso.

Ɗanki